Yadda Aka Gasa Ƙafafun Motar Alhaji Sada a Damagaram

Da sunan Allah nake farawa, Mai rufa wa bawa asiri, kuma in Ya ga dama Ya yaye rufin don amfanin bawan.

A shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka nufi akurki mu kuma muka nufi masallaci, a ƙarshenta ne na yi tafiyar nan zuwa Damagaram. Tun daga lokacin ba a bar ni na huta ba. In na zauna a majalisa bayan la'asar, sai wani ya gyara zama ya tambaye ni wai da gaske ne gasa ƙafafun motar aka yi kamar gurasa. Labarin har ya fara canza kama a bakin mutane. Wasu na cewa Agadas na je, wasu na cewa a kan raƙumi na ɗora su. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya faru. Hannuna ya fi sabawa da ajami, saboda haka in an ga bokon ya karkace a yi mini uzuri.

Alhaji Sada aminina ne tun muna makarantar allo a nan Daura. Shi ya ajiye allo ya kama fataucin gero da dawa tsakanin Baure da Dutsi da Zango, Allah Ya buɗa masa. Ni na tsaya a kan tawada. A shekarar ya sayi mota 'yar Kwatano ruwan toka, kuma abin da ya fi so a jikinta ba injin ba ne, ƙafafunta ne. Ƙarfen nan da taya ke zama a kansa, wanda makanikai ke kira rim, nata na alminiyam ne mai yatsu biyar, yana sheƙi kamar sabon faranti. Da zai tafi aikin hajji sai ya kawo ta tsakar gidana ya ajiye. Ya ce in ya bar ta a gidansa ƙannensa za su mai da ita motar haya, ni kuwa ko tuƙi ban iya ba. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Amana ce, Malam Haruna. Ba na son ka yi mata komai. Kallonta kawai za ka yi."

Da na tsaya a kan kallon, da babu abin rubutawa.

Kwana uku da tafiyarsa na lura lungunan yatsun nan sun yi baƙi. Na sa ruwa da sabulu, baƙin bai fita ba. Sai na tuna yadda mai ɗakina Binta ke goge tukwanenta da toka da rairayi su fito fes, na ce a raina ai alminiyam duk alminiyam ne. Don aikin ya fi ci, na jiƙa kanwa na kwaɓa da tokar. Binta ta leƙo ta ga abin da nake shiryawa, ta ce mini kanwa in ta kwana ko a tukunya sai ta baƙanta ta. Na gaya mata, cikin muryar da nake yi wa ɗalibai fassara, cewa sha'anin mota ba sha'anin madafa ba ne. Ta ce to, ta koma ɗaki. Na goge ƙafafun huɗu da ƙarfina, na shafe su da kwaɓin, na bar su su kwana da shi.

Da safe na wanke. Abin da na gani ya yi kama da kan mai makero: nan fari, nan baƙi, nan wata fata-fata tana ɓarewa. Maimakon in tsaya nan, sai na tafi kasuwa na sayo fentin azurfa irin na ƙofar gida da buroshi. Fentin ya zuzzubo ya daskare kamar hawaye, ƙaiƙayi da gashin kaji suka manne a jiki. Binta ta leƙo ta gani, ta koma madafarta.

Na kira Sale mai faci a asirce. Ya tsuguna ya daɗe yana dubawa, kafaɗunsa suna rawa, yana ta neman gafarar Allah don kada dariyar ta fito. Ya ce gyara ɗaya ne: a kankare su tas, a yi musu fentin gari, wanda ake fesa shi busasshe sannan a gasa, ba ya ɓarewa. Akwai masu yi a Kano, akwai kuma wani Lawali a Damagaram da ya koyo aikin a Libiya. Kano ta fi sauƙi, amma surukan Alhaji a can suke sayar da kayan mota, kuma mutumin Daura ba ya sauka a Kano bai haɗu da wani mutumin Daura ba. Na zaɓi Damagaram. Gaskiyar magana ita ce ba gyara kaɗai nake nema ba. So nake Alhaji ya dawo ya tarar da motarsa yadda ya bar ta, ya gode mini a kan riƙon amana, ni kuma in sunkuyar da kai in ce ba komai.

Sale ya ɗaga motar ya ɗora ta a kan bulo, ya cire tayoyin daga ƙarafan. Ni kuma, don tsoron kada a rikita su, na ɗauko alƙalami da tawada na rubuta a cikin kowanne da ajami: gaba dama, gaba hagu, baya dama, baya hagu. Muka sa su bibbiyu a buhunan gero. Na gaya wa maƙwabta ziyara za ni, kuma don kada ta zama ƙarya tsagwaronta na ƙudurta zan gai da wani malami a can, ko wane ne.

A tasha direban ya ɗaga buhu ɗaya, ya ji ba nauyin hatsi ba ne, ya tambaye ni ko tukwanen biki ne. Na ce kusan haka. Aka cusa su a bayan mota tare da wata akuya da jarkokin manja. Mu huɗu muka matsu a kujerar baya, kusa da ni wata dattijuwa mai fataucin tabarmi. Kowane rami muka faɗa sai ƙarafan su yi ƙara, akuyar ta amsa. Kafin mu kai Kwangwalam dattijuwar ta gama yanke hukunci cewa aure zan ƙara a Damagaram, tukwanen kuma na gara ne, tana ta yi mini fatan alheri. Na bar ta a haka, domin ya fi gaskiyar daɗin ji.

A bakin iyaka, ɓangarenmu ba a tsaya dogon bincike ba. Da muka tsallaka sai wani jandarma dogo ya sa aka sauke buhunan. Ya kwance, ya jawo rim ɗaya, ya juya shi, idonsa ya faɗa kan rubutun. Sai na ga ya gyara tsayuwa ya sassauta murya. Ya tambaye ni ko tsarin hatsari ne. Na ce masa a'a, gaba dama kawai na rubuta. Ya yi murmushi ya ce ya sani, malamai ba sa faɗin sirrin aikinsu a gaban jama'a. Na rantse masa, rantsuwar ta ƙara tabbatar masa. Daga ƙarshe ya ja ni gefe ya roƙi in yi wa babur ɗinsa addu'a. Addu'a ba ta da laifi, na yi. Na koma mota ina jin kunyar yadda fasinjoji suka matsa mini wuri, har dattijuwar ta janye maganar auren.

Daga nan hanya ta miƙe, Matamaye, Kance, Takeita. Gonakin irin namu ne, rumbunan irin namu, Hausar ma tamu ce, sai dai in sun zo lissafi ko faɗin lokaci su juya zuwa Faransanci, su bar ka a tsaye. A Takeita na sayi burodinsu dogo kamar sandar makiyayi. Na gatsa, ya kusa tafiya da haƙorina. Wani ya ce ai haka ake son sa, ɓawon ne daɗin. Na ajiye shi har na samu shayin da zan jiƙa.

Mun shiga Damagaram da azahar, na tarar garin ya rufe. A wurinmu in rana ta take mutum yakan ɗan kishingiɗa a shagonsa, amma in mai saye ya zo ya tashi. Su kuwa rufewa suke yi da kwaɗo su tafi gida, sai wajen la'asar. Haka na zauna a kan buhunana a ƙofar wurin Lawali, masu wucewa suna yi mini sannu kamar wanda aka kora daga gida.

Lawali ya zo bayan la'asar. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya gaggawar magana. Wurin aikinsa fili ne babba da rumfar kwano, cike da kujerun ƙarfe an jera su har bango. Ya ce bikin ranar jamhuriyarsu ya matso, a garin za a yi, shi aka ba aikin kujerun. Ya kwance buhuna ya fito da ƙarafan, waɗanda su a can janti suke ce musu. Ya kankari fentin da farce, ya shinshina. Ya tambaya wane maƙiyi ne ya yi wa motar haka. Na ce wani ne dai. Ya dubi hannuna, inda har lokacin akwai sauran azurfa a gefen farce, ya ce Allah Ya shirye shi. Na ce amin.

Da ya ga rubutun ajamin ya karanta shi sarai, don shi ma ya yi allo. Ya gaya mini ƙafar mota ba takalmi ba ce, ba ta da dama da hagu, ko ina aka ɗaura ta zama take. Sai na tuna addu'ar babur.

Ya hana ni neman masauki, ya kai ni zauren gidansa. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, wanda ba shi da bambanci da na Binta sai yaji da ya yi yawa. Bayansa aka kafa shayi irin na Buzaye a ɗan ƙaramin kofi. Na farko ɗaci kamar maɗaci. Na shanye don kunya na kife kofin, ashe sau uku ake yi, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wutar lantarki. Tun da na shiga garin ba ta ƙifta ba. Na yaba, sai Lawali ya ce ai daga wurinku ake kawo mana ita. Na ce lallai ta fi jin daɗin baƙunci.

Washegari da safe aka fara aiki, ni ina tsaye kamar mai jiran haihuwa. Ya rufe fuskarsa, ya ɗauki wani tiyo da ke feso rairayi da ƙarfin iska. Cikin ɗan lokaci fentina da kanwata da ajamina duk suka bi iska, ƙarfen ya fito tsirara, fari fat, ba sheƙi. Na ce a raina ashe dai rairayin ne maganin, hannun ne ba nawa ba. Ya wanke su da wani ruwan magani, ya rataye su a ƙugiya, ya hana ni taɓawa, wai ko maiƙon yatsa ya hau garin ba zai kama ba. Ya nuna mini bindigar fesawa da wayar da ake maƙala wa ƙarfen, ya ce lantarki ne ke sa garin ya manne kamar yadda ƙaiƙayi ke bin rigar da aka goga. Ya nuna mini tanderun, ɗaki guda na ƙarfe, mutum zai shiga ya miƙe tsaye.

Sannan ya tambaye ni launi. Na ce azurfa mana, irin na da, yadda ko mai motar ba zai gane ba.

Ya ajiye bindigar. Ya ce garin azurfa ya ƙare tun kafin azumi, daga nesa ake kawo shi, ba ya sa ran sa kafin wata biyu. Abin da ke hannunsa ruwan goro ne, na kujerun biki, buhu-buhu. Kuma ba ya kunna tanderu don ƙarafa huɗu, sai dai su bi kujeru. Na lissafa a raina, Alhaji zai sauka cikin wata guda. Na roƙe shi ya duba ko akwai ɗan saura a gindin kwali. Ya duba don ya faranta mini, babu. Na ce to ya fesa musu fentin ruwa na azurfa, ko na wata biyu ne ya riƙe. Ya dube ni ya ce:

"Malam, mai motar bai sani ba ke nan."

Na ce yana Makka.

"To gyara ka zo nema ko ɓoyewa? In gyara ne ina da shi, zai shekara goma bai ɓare ba. Na ɓoyewa ne ya ƙare."

Na kai shekara talatin ina karantar da babin amana, ban taɓa jin an yi mini shi a taƙaice haka ba, kuma daga bakin mai walda. Na ce ya ba ni lokaci. Na fita na zaga, na shiga wani masallaci na yi nafila, na sami limamin na gaishe shi, ziyarata ta cika. Ina zaune ina ta juya abin. In mai da su tsirara, Lawali ya ce za su dushe su yi tabo. In jira azurfa, Alhaji zai tarar da motarsa a kan bulo. Ko ta ina na bi, sai ya sani. Na koma na ce a gasa.

Aka fesa garin, ya kwanta a jikinsu kamar garin ɗorawa. Aka tura su tanderu a tsakiyar kujeru, aka rufe. Da aka buɗe bayan sun huce, wallahi aikin ya yi kyau, sumul kamar tangaran, ba ɗigo ba ƙuraje. Sai dai launin. Ko makaho ya wuce sai ya ji ɗuminsa. Ma'aikatan wurin suka taru suna yabawa, wani ya ce motar za ta dace da bikin.

A komowa jandarman nan ne a bakin aiki. Ya buɗe buhu ya ga launin tutarsu, ya sara mini.

Sale ya ɗaura su da rana tsaka, don na ce ɓoyon ya isa. Duk da haka da ya tafi na lulluɓe motar da tamfol har ƙasa. Binta ta ɗaga gefe ta leƙa, ta sauke, ta ce aƙalla yanzu ba za ta ɓace a kasuwa ba.

Alhaji ya sauka lafiya. Kwana biyu gidansa cike da masu barka, ana rabon dabino da zamzam, ni ma na je na karɓi nawa da tasbaha, ya kama hannuna yana gaya wa jama'a ga wanda ya bar wa amana. Na sunkuyar da kai. A rana ta uku ya zo ɗaukar mota. Kafin ya taɓa tamfol na tsayar da shi, na zaunar da shi a kan tabarma, na faɗa masa komai tun daga toka har tanderu, har da niyyata ta ɓoyewa da abin da ya hana ta. Sannan na yaye.

Ya zagaya motar sau biyu. Ya tsuguna ya ƙwanƙwasa rim ɗaya da zobensa. Na ce ya yafe mini. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Bari in yi tunani." Ya shiga ya ja abarsa.

Mako biyu yana tunani. Muna haɗuwa a sahu, mu gaisa, ba ya ɗaga maganar. Motar kuwa ta zama abin kallo a Daura, ana hango ta tun daga nesa, a kasuwar Baure har an sa mata suna Mai Lalle. Ni abinci ya daina yi mini daɗi, domin haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya sauke, kuma shekara arba'in na zumunci ba abin wasa ba ne.

Ran nan da hantsi ya yi fakin a ƙofar gidana. Ya buɗe bayan motar ya fito da tayar ajiya, wadda ni ban ma san da ita ba, rim ɗinta na nan da azurfarsa yadda aka ƙera shi. Ya jingina ta da bangon zaure.

"Na gama tunani, Malam. Jiya na yi faci a hanyar Dutsi, na ɗaura wannan, uku ruwan goro ɗaya azurfa. Ka ga dariyar da aka yi mini? Wanda ya fara aiki shi ke ƙarasawa. Ka kai ta ta bi 'yan'uwanta, in ka dawo na yafe."

Na sake ɗaukar buhu, na sake bin Kwangwalam, na sake shan shayi uku. Lawali ya tarbe ni kamar ɗan'uwa. Sai dai biki ya wuce, ruwan goro ya ƙare tas a kan kujeru, azurfa kuma har lokacin tana hanya. Aikin da ke gabansa ƙofofin wani masallaci ne. Wannan karon ban fita zagaye ba, na ce a gasa.

Na sami Alhaji a ƙofar gidansa tare da mutum biyu. Na ajiye buhun a gabansa. Ya kwance da kansa, ya jawo rim ɗin, kore shar kamar ganyen zogale. Ya dube shi, ya dubi motar, ya dube ni. Sai dariya ta kama shi har ya koma tari, aka kawo masa ruwa. Da ya samu numfashi ya share ido da hannun riga, ya juya ga mutanen nan biyu ya ce su shaida.

"Na yafe maka, Haruna, duniya da lahira. Amma baɗi in Allah Ya kai ni Umra, ƙannena zan bar wa."